Darasi daga rayuwar Kapitan Mbaye Diagne

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mun so mu tunatar da kanmu labarin wani bawan Allah, sojan ƙasar Senegal, wanda ya nuna a aikace cewa kakin soja amana ce da za a tambayi mai ita ranar gobe.

An haifi Mbaye Diagne a shekara ta 1958. Ya yi karatu a jami'ar Dakar, ya shiga aikin soja, har ya kai muƙamin kapitan. A 1993 aka tura shi ƙasar Ruwanda, inda ya zama ɗaya daga cikin sojojin sa-ido na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ba su ɗaukar makami. A watan Afrilu na 1994 fitina ta ɓarke. Cikin kwana ɗari aka hallaka mutane wajen 800,000, mafi yawansu ƴan ƙabilar Tutsi. Maimakon ta ƙara dakaru, sai Majalisar ta yanke shawarar rage su zuwa 270.

Umurnin da aka ba shi shi ne ya duba, ya kai rahoto. Amma zuciyar mumini ba ta iya kallon jinin marar laifi yana zuba. Ranar 7 ga watan, da aka kashe firaminista Agathe Uwilingiyimana, shi ne ya je ya ɗauko ƴaƴanta, ya ɓoye su cikin motarsa, ya kai su otal ɗin Mille Collines a birnin Kigali. Daga nan bai sake hutawa ba. Yana ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan, yana ratsa shingayen masu adduna, ba ya da komi sai murmushi da raha da ƴan kuɗin da ke aljihunsa. Ta haka Allah Ya tsirar da ɗaruruwan rayuka a hannunsa.

Mu lura, ya ku ƴan'uwa: mafi yawan mutanen Ruwanda Kiristoci ne. Ba su haɗa harshe da shi ba, ba su haɗa alƙibla ba. Bai tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba kafin ya buɗe masa ƙofar mota. Suratul Ma'ida, aya ta 32, ta karantar da mu cewa ceton rai guda daidai yake da ceton mutane duka, kuma ba ta keɓe ran wani ta bar na wani ba.

Ranar 31 ga Mayu 1994, ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi cikin motarsa a bakin wani shinge, ya cika yana da shekara 36. Ya bar mata da ƴaƴa biyu. Cikin shuɗiyar leda irin ta ƴan gudun hijira aka naɗe gawarsa. Sai a 2014 Kwamitin Sulhu ya ƙirƙiro lambar girma ta jaruntaka da sunansa. Girmamawar mutane takan makara, sakamakon Allah kuwa ba ya makara.

To, mu fa, mene ne uzurinmu? Ba a nemi mu ratsa adduna ba. Maƙwabcin da ruwa ya rushe wa ɗaki, da marar lafiyan da ya rasa mai kai shi likita, da marayan da ke bakin ƙofarmu, su ne jarrabawarmu. Kai soja, kai jandarma, kai ma'aikaci, kai mai mota, abin da ke hannunka aro ne. Ranar hisabi, cewa "ba a umurce ni ba" ba za ta wadatar ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya kare ƙasashenmu daga fitinar ƙabilanci, Ya sa mu zama masu amfanar bayinsa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.