Ɓeran da Bai Ci Geron Kowa Ba

A ƙasar Ruma, tun daga Batsari har Safana, da wuya a sami manomin da ke jin tausayin ɓera. Ya huda rumbu, ya ci gero, ya ɓata saura. In an kama shi sai a kashe, malamai kuwa ba su hana ba, gama yana cikin dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko a cikin Harami.

To, amma akwai wani ɓera wanda bai taɓa ganin rumbu ba. A keji aka haife shi, a ɗakin binciken masana. Su kan ba shi maganin barci, su huda ƙoƙon kansa, su dasa wayoyi cikin ƙwaƙwalwarsa, don su kama 'yar wutar lantarkin da take aika saƙo da ita. A da wayoyin masu tauri ne. Ƙwaƙwalwa kuwa taushi gare ta kamar kindirmo, tana motsi duk sa'ad da zuciya ta buga, sai wayar ta riƙa yi mata rauni, tabo ya rufe ta, saƙo ya dushe. Saboda haka aka koma ga wayoyi masu lanƙwasa, waɗanda gashin kai ya fi su kauri. A 2019 kamfanin Neuralink na Amurka ya nuna wani inji mai kama da keken ɗinki, mai dasa wa ɓera irin wannan zare har 96.

Da wane laifi? Hujjar manomi ba ta kai nan ba, sai dai a kawo ta lalura. Lalurar kuwa ba ƙarya ba ce. A Janairun 2024 aka dasa wa wani shanyayye irin wannan zare, har ya riƙa sarrafa kwamfuta da tunaninsa kaɗai. Mai jinyar shanyayye a gida ba ya raina wannan.

Amma lalura tana da gwargwado. Wanda yunwa ta halatta wa mushe ba ya yin biki da shi. Matar nan da aka ce ta shiga wuta saboda kyanwa, tsare ta ta yi, ta hana ta abinci. A Ingila ma, a 1959, Russell da Burch sun kafa sharaɗi uku: kada a taɓa dabba in akwai wata hanya, a rage yawansu, a sassauta musu wahala.

Waya mai lanƙwasa ta rage rauni, wannan haka ne. Sai dai da ya ke ta fi daɗewa tana aiki, ɓeran ya kan yi watanni ɗauke da ita, galibi kuma daga ƙarshe a kashe shi, a duba ƙwaƙwalwar.