Tuba da Dillancin Gidaje: Har Yaushe Laifi Zai Bi Mai Shi?

A cikin ganuwar Zariya, daga Ƙofar Galadima zuwa Ƙofar Kona, akasarin cinikin gida da fili a hannun dillali yake ƙarewa, gaban mai unguwa da shaidu, a ba da kafin alƙalami, a cire la'ada. Ba a tambayar dillalin lasisi, sai dai a tambayi ɗan gidan wane ne. Amma wanda ke son yin sana'ar da hatimin hukuma sai ya bi ta ESVARBON, hukumar rajistar masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye wadda doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa. Cikin sharuɗɗanta akwai kyawun hali, da kuma cewa kotu ba ta taɓa kama mutum da laifin zamba ko rashin gaskiya ba. To wanda ya yi zaman gidan yari ya fito, ya ce ya tuba, a ba shi amanar dukiyar mutane ko a hana shi?

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irin wannan a babin shaida. Aya ta 4 a Suratun Nur ta hana karɓar shaidar wanda ya yi ƙazafi, aya ta 5 kuma ta keɓe waɗanda suka tuba suka gyara. Imam Malik da Shafi'i da Ahmad sun tafi a kan cewa tuba tana dawo da shaidarsa, Abu Hanifa ya ce ba ta dawowa. Sai dai Malikiyya ba su saki ƙofar haka nan ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan unguwannin Kona da Juma, ta nuna cewa wanda aka yi wa haddin zina in ya tuba ana karɓar shaidarsa, ban da a kan zina. Hankali na tare da wannan rarrabewar. Matashin da aka ɗaure saboda faɗa ko ƙwaya, laifinsa bai taɓa amanar ciniki ba, kuma babu hujjar ƙyamar sa a dillanci. Wanda ya sayar wa mutum biyu fili ɗaya, ko ya buga takardar mallaka ta bogi, shi ne ya ci amanar a daidai inda yake neman a sake ba shi.

Za a ce ashe wannan na biyun a rufe masa ƙofa har abada, tunda tuba a zuciya take, kuma marayun da za a sayar wa gidan gadonsu ba su da damar yin gwaji da dukiyarsu. Magana ce mai nauyi, su kansu Malikiyya sun tsananta ƙwarai a kan mai shaidar zur. Amma tubar da ta shafi haƙƙin mutane ba a ɓoye take ba, domin sharaɗinta mayar da abin da aka ci, wannan kuwa ana iya bincikarsa: an biya waɗanda aka cuta ko ba a biya ba. Sannan ita kanta ƙasa ba ta yarda da hukuncin har abada ba a wurin da ya fi wannan girma. Sashe na 182 na tsarin mulkin 1999 ya hana wanda aka kama da laifin rashin gaskiya takarar gwamna na shekara 10 kacal, alhali dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha gaba ɗaya a hannun gwamna a matsayin amana. Da wuya a kare tsarin da zai bar mutum ya nemi riƙe ƙasar Kaduna dukanta, amma ya hana shi rajistar sayar da kango ɗaya.

Akwai kuma abin da masu tsanantawa ke mantawa. Hana rajista ba ya fitar da mutum daga kasuwa, yana dai mayar da shi gindin bishiya inda babu mai bin sawunsa. Gara a gindaya masa shekarun jira, da shaidar biyan diyya, da mai tsaya masa, a kuma hana shi riƙe kuɗin ciniki har sai an tantance takardun filin a KADGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jihar Kaduna. Mai saye ya san tarihin dillalin kafin ya miƙa ko sisi, domin ɓoye wannan ma wata zambar ce.