Farar Funfuna a Lambu da Maganin da Ke Bin Kaya Har Tukunya

Duk wanda ya saba ratsa lambun rani a ƙarshen sanyi ya san farin abin nan da ke kwanciya a kan ganyen kuɓewa da kabewa da kokwamba, kamar an barbaɗa gari. Da yawa sukan ɗauka ƙurar hunturu ce. Ƙura idan ka goge ta tafi ke nan. Wannan kuwa ka murje ta da yatsa, bayan 'yan kwanaki ta dawo inda take, har ta ƙara faɗi. Funfuna ce mai rai. Tana shimfiɗa zarenta a saman ganye, ta soka 'yan bakunanta cikin fatarsa tana tsotsa, har ganyen ya yi rawaya, ya naɗe, ya bushe. Wata 'yar'uwarta ce ke hawa furen mangwaro, ka ga bishiya ta yi fure tim amma 'ya'ya ƙalilan.

Halinta ya saɓa wa na sauran funfuna. Ba ta buƙatar ruwa ya kwanta a ganye kafin ta kama. Inuwa take so, da cunkoson shuka inda iska ba ta ratsawa, da laimar dare, da ganye mai taushi irin wanda yawan takin yuriya ke fitarwa. Rana mai ƙuna tana karya ta, shi ya sa takan fara daga ganyen ƙasa da na can ciki, inda idon mai lambu ba ya kaiwa sai abu ya yi nisa.

Kuma takan yi nisa ne daidai lokacin da shuka ta soma fure, lokacin da kuɗin mutum da guminsa duk sun riga sun shiga ƙasa. A nan zuciya ke raya masa ya ɗauko magani mafi ƙarfi da ke kanti.

Abin da ya faru a Kanada ya isa misali. Can doka ta halatta noman wiwi don magani tun kafin a sake shi ga kowa a 2018 (a Najeriya dai laifi ne, NDLEA na nan), kuma wannan funfuna na cikin manyan abokan gabar masu noma shi a rufaffen ɗaki. A ƙarshen 2016 da farkon 2017 aka janye kayan wasu kamfanoni masu lasisi daga kasuwa, ciki har da Organigram da Mettrum, bayan an sami wani maganin funfuna mai suna maikilobutanil a jikinsu. Maganin ba na bogi ba ne, ana fesa shi a gonakin inabi da tuffa bisa ƙa'ida. Sai dai inabi ci ake yi, furen wiwi kuwa ƙona shi ake yi a zuƙa, kuma idan wuta ta taɓa wannan magani yakan saki iskar sayanayid, gubar nan da ake jiƙa rogo mai ɗaci don a raba shi da ita. Masu sayen kayan marasa lafiya ne da likita ya rubuta musu. Daga baya hukumar lafiyar ƙasar ta wajabta gwajin magungunan feshi kafin kaya su fita.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda yawan daikulobos, wato fiya-fiyar da ake zuba wa wake a rumbu don ƙwari. Turawa suna da ɗakin gwaji, suka ƙi karɓa. Wanda ya rage a gida fa, wa ya ci shi?

Magungunan farar funfuna da ba su da wannan haɗari suna nan, sai dai ba sa son mai jinkiri. Farar wuta ce dattijuwarsu. Ita aka yi ta barbaɗawa a gonakin inabin Faransa bayan ɓarnar da cutar ta yi musu a 1854, kuma har yau ana amfani da ita. Amma tana ƙona ganye idan zafi ya haura digiri 32, ba a kuma haɗa ta da feshin mai sai an bar mako biyu a tsakani, don haka mai lambu a watan Maris sai ya yi hattara. Akwai man darbejiya da ɗan sabulu, a fesa da yamma. Akwai ma madara: a 1999 wani masani a Barazil, Wagner Bettiol, ya nuna cewa madarar shanu da aka sirka da ruwa, ko kashi ɗaya cikin goma, tana rage cutar a jikin wani nau'in kabewa idan ana fesawa sau biyu a mako. Duk waɗannan tare hanya suke yi. Ganyen da ya riga ya yi fari fat babu abin da zai mai da shi kore, sai a tsinke shi a hankali, a sa a buhu a fitar daga lambun, kada a karkaɗe shi a kan 'yan'uwansa.

A ganina rabin aikin ma ba na feshi ba ne. Tazara ce ranar shuka, da rage ganye don iska ta wuce, da sassauta hannu a buhun yuriya, da sunkuyawa a ɗaga ganyen ƙasa a duba.

A jikin kwalbar maganin feshi na kirki akwai wani layi da ƙananan haruffa, mai faɗin kwana nawa za a jira tsakanin feshi da tsinka. Wani kwana uku, wani bakwai, wani sha huɗu. Kuɓewa kuwa duk bayan kwana biyu ko uku ake tsinkarta, in ba haka ba ta ƙosa ta zama itace. Wanda ya fesa mata mai kwana sha huɗu, ko dai ya zubar da tsinka huɗu zuwa shida, ko ya loda su a kwando ya kai wa dillali, wanda ba ya tambayar ranar da aka yi feshi.