SAI AN TABBATAR DA GASKIYAR BAƘUWA ZA A BA TA MASAUKI?

Yau tambaya na zo mana da ita, wadda duk macen da ta taɓa jin sallama a ƙofar gida da magariba ta san nauyinta. In baƙuwa ta zo miki da goyo a baya da labari mai ban tausayi a baki, shin sai kin tabbatar gaskiya ta faɗa sannan za ki shimfiɗa mata tabarma? Amsar da zan kawo daga nesa na ɗauko ta, daga birnin San Antoniyo na jihar Teksas a Amurka, wajen wasu Kiristoci da ake kira Menonayit.

Su dai waɗannan mutane asalinsu Turai ne, sun samo sunansu daga Menno Simons, wani limamin coci ɗan ƙasar Holan da ya fita daga ɗariƙar Katolika a 1536. Aƙidarsu ta hana su ɗaukar makami, kuma ba sa yi wa jariri baftisma sai ya girma ya zaɓa da kansa. A kan haka aka yi ta kashe su ana korarsu, suka yi ta ƙaura daga wannan ƙasa zuwa waccan, wasu har Rasha, wasu Kanada da Amurka. Kin ga kenan ɗacin gudun hijira a gida suka gaje shi.

A watan Disamba na 2016 hukuma ta sako ɗaruruwan mata da yara daga wuraren tsare baƙi guda biyu, Dilley da Karnes, akasarinsu daga Honduras da Gwatamala da El Salbado suka fito. Babu dangin iya babu na baba a garin. Sai cocin Menonayit na San Antoniyo ya buɗe musu ƙofa suka kwana a ciki. Cocin ya kuma riƙe wani gida na saukar irin waɗannan baƙi, mai suna Gidan Maryamu da Marta.

To me mai aikin sa-kai take yi a irin wannan gida? Wallahi aikin da ni da ke muka sani ne. Girki, wankin zannuwan gado, neman takalmin da zai shiga ƙafar yaro, domin kuwa har igiyar takalmi akan karɓe wa mutum a wajen tsarewa. Sai raka uwa tasha a nuna mata inda za ta sauya mota, a haɗa ta da lauya, a yi ta tuna mata ranar zuwa kotu. Wata ma da na'urar bin diddigi ɗaure a idon sawunta take zuwa. Duk wannan ba a biyan mai yi ko sisi.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai neman mafaka ba a riga an yanke mata hukunci ba. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 dalilai biyar ta amince da su: a tsananta wa mutum saboda launin fata ko ƙabila, ko addini, ko ƙasarsa ta asali, ko ra'ayin siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Alƙali ne zai duba, kuma shari'ar kan ɗauki shekaru. Talauci shi kaɗai ba ya cikin lissafi, don haka wadda yunwa ta koro tana iya faɗuwa a kotu alhali ko harafi ɗaya ba ta yi ƙarya ba. Wata kuma, mu faɗi gaskiya, tana iya ƙara wa miyarta gishiri. Mai zuba abinci a kwano ba ta da hanyar bambance su.

Ni dai a nawa ganin, ba ta ma buƙatar bambancewa. Alƙali yana da aikinsa, yana da takardu da shaidu da lokaci. Amma cikin yaro ba ya jiran ranar kotu. In aka ce sai hukunci ya fito za a ba da bargo, to mai gaskiyar ita za ta fara kwana a titi, saboda tsoron kada maƙaryaciya ta ci tuwo kwano ɗaya. Don Allah ki auna da kanki, wace asarar ce ta fi girma?

Na san wata za ta ce, "Ke dai kina faɗa ne, ai wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu." Haka ne, kuma su ma Menonayit sun san alheri kan juye wa mai shi. A 1569 wani nasu mai suna Dirk Willems ya tsere daga kurkuku a Holan, ya ratsa ta kan tafkin da sanyi ya mayar ƙanƙara. Mai binsa ya rufta ciki yana ihu. Sai ya juyo ya ciro shi, nan take aka kama shi, daga baya aka ƙone shi da wuta. Har gobe suna ba 'ya'yansu wannan labari, kuma da saninsa suke buɗe ƙofar.

Mu ma in muka waiwaya tarihinmu, ai ba baƙon abu ba ne. Lokacin da Sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, Najjashi sarki ne Kirista. Suna zaune a ƙasarsa cikin aminci Ƙuraishawa suka aiko da kyaututtuka a mayar musu da su, ya ce sam, sai ya ji ta bakinsu. Masauki ne ya fara zuwa, bincike ya biyo baya.

Ban ce ki zama sakarai ba, 'yar'uwa. Ki kulle akwatinki, ki sa ido a kan 'ya'yanki, ki nemi yardar maigida, in abin ya fi ƙarfinki ki kai wa mai unguwa. Hattara daban, rowa daban. Abin da nake jiye mana shi ne mu mai da zargi ya zama mayafin da muke lulluɓe rowarmu da shi, mu ce "ai duk maƙaryata ne" don kawai kada mu ɗora tukunya. In an cuce ki, kwano ɗaya kika rasa, ladanki kuwa yana nan, tunda alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza. In kuwa mai gaskiya kika kora da goyonta cikin dare, me za ki ce ranar da aka tambaye ki?

Allah ya raba mu da barin gida ba shiri, ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.