Farin Ciki Sa'a Ne?

Ya mai karatu, idan mutumin Ingila yana murna, yakan ce shi "happy" ne. Ka san inda kalman nan ta fito? Tushenta "hap" ne, wato sa'a, abin da ya faɗo wa mutum ba da shirinsa ba. Turawan Ingila sun aro ta daga bakin mutanen Danmak da Norwe waɗanda suka zauna a ƙasarsu tun ƙarni na 9. Daga tushen nan aka sami "happen", wato faruwa, da "mishap", wato tsautsayi. A ƙarni na 14, "happy" mai sa'a ke nan. Sai a ƙarni na 16 "happiness" ta soma nufin daɗin zuciya.

Faransanci ma haka yake. A cikin "bonheur" akwai tsohuwar kalmar Romawa ta duba, irin wanda suke yi da tashin tsuntsaye.

To, ka yi tunani. In farin ciki sa'a ne, ashe yana hannun damina. Gero ya yi kyau, gida ya cika da dariya. Fara ta sauka a gona, dariya ta ƙare. Mutane sukan ce sa'a ta fi manyan kaya, shi ya sa wani yakan kai kuɗin hatsinsa wurin boka ko wurin caca, yara kuwa su kwana da yunwa.

Amma dubi kalmarmu. Mun ce farin ciki, wato abin yana cikin mutum, ba a rumbu yake ba.

Masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi sun gamu da zancen nan a Matiyu sura 5. A 1611 sun sa kalmar da ke nufin mai albarka. A 1966 waɗansu suka sa "happy". Su wa Yesu ya ambata a wurin? Har da masu makoki da waɗanda ake tsananta musu. Wa zai ce mai makoki ya yi sa'a? Ashe akwai murnar da Allah yake bayarwa, wadda fari ba ya ƙone ta.

Kai fa, a kan me murnarka take tsaye? 'Ya'yanka suna kallonka a shekarar da rumbu bai cika ba. Abin da suka gani a fuskarka, shi za su koya.