Nasihar Juma'a: Duba Sama Ma Sunna Ce

Godiya ta tabbata ga Allah mai kora gajimare inda Ya so, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, damina ta kankama, kuma akwai maganar da ake yawan yi idan an ce a yi hattara da hadari: "Ai komai na Allah ne." Gaskiya ne. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa idan Manzon Allah (SAW) ya ga hadari ya haɗo ko iska ta taso, ana ganin damuwa a fuskarsa, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka lafiya hankalinsa yake kwanciya. Wane ne a cikinmu ya fi shi tawakkali? Ashe duba sama da yin shiri ba raunin imani ba ne. A Suratun Nur, aya ta 43, Allah Ya ba mu labarin yadda Yake tara gajimare, Ya fitar da ruwa, Ya saukar da ƙanƙara. An faɗa mana ne don mu lura.

Da yawanmu daga Kano, Katsina, Bauchi ko Nijar muka zo, kuma ruwan Jos ba irin wanda muka saba ba ne. Garin nan yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, duwatsu ko'ina. Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya tsayawa ƙasa ta sha, gangarowa yake da gudu. Shi ya sa ana iya yin yayyafi a nan Abattoir, alhali an tafka ruwa a can sama, kafin ka ankara rafi ya cika ya tumbatsa.

Waɗanda suka daɗe a garin ba su manta da ranar Lahadi 22 ga Yulin 2012 ba, a farkon azumi. Bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta yi ambaliya, ruwa ya afka wa Rikkos da Gangare. Sama da mutum 30 suka rasu, gidaje kusan 200 suka rushe ko ruwa ya shanye su. Allah Ya jiƙansu da rahama. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

To, me za mu yi?

Na farko, mu riƙa sauraro. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma sanar da na kwanaki a rediyo da waya. Wannan ba duba ba ne, ba da'awar sanin gaibu ba ce. Awon iska da gajimare ne, kamar yadda mahauci ke duban sa ya ƙiyasta namansa. Yakan dace, yakan kuskure. Wanda ya ji gargaɗi, ya sanar da maƙwabcinsa.

Na biyu, mu san alamu. Hadari ya yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso farat ɗaya, to a shigar da yara da dabbobi, ƙanƙara na iya biyowa. Idan ka ga walƙiya, ƙirga: duk daƙiƙa 3 kafin ka ji tsawa, nisan kusan kilomita 1 ne. Muddin kana jin tsawa, shiga ɗaki. Kada a fake gindin bishiya ko jikin falwayar lantarki.

Na uku, kada a tsallaka ruwa mai gudu, ko a ƙafa ko a kan babur. Wanda bai kai gwiwa ba ma yana kayar da ƙato. Iyaye mata, a hana yara wasa a lambatu da kududdufan tsohuwar haƙar kuza.

Na huɗu, lambatunmu. Leda, shara da tarkacen yanka da muke zubawa su ne ke toshe kwalbati, ruwa ya juya ya shiga ɗakin wani bawan Allah. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Zuba shi kuwa haƙƙin maƙwabci ne a wuyanka. A kuma duba rufin kwano, a ƙara ƙusa tun iska ba ta yaye shi ba.

Na biyar, sallah. Ya tabbata daga Abdullahi ɗan Umar cewa a daren sanyi da ruwa Annabi (SAW) yakan sa ladan ya sanar da mutane su yi sallah a masaukansu. Dattijo, idan sama ta rikice lokacin Isha'i, yi sallarka a gida, rangwame ne daga Allah.

Sanarwa: gobe Asabar bayan sallar Asuba za a yi gayyar yashe lambatun layin masallaci, kowa ya zo da shebur ko baro. Wanda gidansa ke bakin rafi ko cikin kwari ya ba da sunansa bayan sallah, don a san ƙofar da za a fara bugawa idan ruwa ya zo da dare.

Allah Ya sa daminar bana ta zama rahama, Ya tsare mu da iyalanmu, Ya zaunar da Filato lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci