Ɗana, Duba Lissafinka Kafin Ka Biya

Ɗana, na san ba ka da rowa, kuma na san idan ka ɗebi abokanka ko iyalinka kuka fita da daddare wurin gasasshen kifi, ko gidan abinci, ko ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawar nan da suka cika Abuja da Kano da Kaduna, burinka kowa ya ci ya ƙoshi ya koma gida da farin ciki. Wannan hali ne mai kyau, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai akwai wani ɗan lokaci a ƙarshen zaman da nake so mu tsaya a kansa, wato lokacin da yaron da ya yi muku hidima zai matso ya sunkuya ya raɗa maka jimla a kunne, ko ya ajiye wata 'yar takarda a gabanka, kai kuma ka zaro kati ko kuɗi ka miƙa ba tare da ka dube ta ba, don kada waɗanda ke zaune da kai su ce kana maƙo. A wannan lokacin ake cutar mutanen kirki da yawa, kuma galibinsu sun ji a jikinsu cewa lissafin bai yi daidai ba, kunya ce ta rufe musu baki.

Masu wannan ɗabi'a sun san kunyarka fiye da yadda kake zato, domin ita ce jarinsu. Sun san wanda ya zo da baƙo daga wani gari ba zai so a gan shi yana ja-in-ja a kan naira dubu biyu ba. Sun san saurayin da ya zo da wadda yake nema zai gwammace ya biya ninki da ya ce a sake ƙidaya. Sun kuma san wanda aka riƙa kira Alhaji ko ranka ya daɗe tun shigowarsa, an riga an ɗora shi a wani matsayi da zai yi masa wuya ya sauko daga kai ya tambayi kuɗin ruwan gora. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to tsagar bangonka a irin wannan dare ita ce son kada a raina ka.

Hanyoyin kuma ba wasu masu wuyar ganewa ba ne. Wurin da babu takardar farashi, ko akwai amma ba a kawo ta sai an nema, farashinsa yakan bi shigar mutum da irin motar da ya sauka daga ciki. Zaman da ya ɗauki sa'o'i, wannan ya zo ya sha lemo ya tafi, wancan ya ƙara faranti, wani ya ce a kawo tsire daga waje, shi ne ya fi sauƙin cusa ƙari, domin zuwa ƙarfe goma sha ɗaya na dare babu wanda zai iya rantsuwa ko kwalba tara aka sha ko goma sha biyu, balle idan an riƙa kwashe kwalaben da sunan gyara tebur. Wani lokaci abokinka da ya riga ku tashi ya biya nasa a kanta, amma sai ka tarar da abin da ya ci yana nan daram a cikin naka lissafin. Idan kuma wurin mashaya ne, ba sai na faɗa maka abin da nake so gare ka ba, ka riga ka sani. Abin da zan ƙara kawai shi ne, barasa tana fara ɗauke lissafi kafin ta ɗauke tafiya, ma'aikatan mashaya sun fi kowa sanin haka, kuma ko kai lemo kaɗai ka sha, muddin teburinku ɗaya da masu maye, da kai za a raba asarar.

Sai maganar canji, wadda ta zama ruwan dare har mun daina ganin ta a matsayin cuta. Gaskiya ne ƙananan kuɗi sun yi wuya a Najeriya: kwabbai sun daɗe da ɓacewa daga hannun mutane, naira 5 da naira 10 ba sa sayen komai, naira 50 da naira 100 ma sai an sha wuya ake samun masu kyau. Saboda haka idan yaro ya ce maka babu canji, sau da yawa gaskiya ya faɗa. Amma akwai wanda zai karɓi kuɗinka ya ce bari ya nemo, sai ya shige ciki ya ƙi fitowa, yana jiran ka gaji ka tashi, ya san dare ya yi, mutanenka sun riga sun shiga mota suna danna maka ham. Akwai kuma wanda za ka ba shi dubu ya dawo ya ce ɗari biyar ka ba shi. Tun da aka sauya launin naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, kotun ƙoli kuma ta bar tsofaffin da sababbin suna yawo tare, kowace ɗaya daga cikinsu ta zama iri biyu, kuma a ƙarƙashin fitilun nan masu launi da ake kunnawa a wuraren dare, ido yana iya ruɗewa da gaske. Maganin wannan ɗan ƙarami ne: idan za ka miƙa kuɗi, ka ƙidaya su a tafin hannunsa kana faɗa da bakinka, ka ce ga dubu goma nan, canjina dubu ɗaya da ɗari biyar. Ba ka zargi kowa ba, amma kun zama ku biyu kuka san abin da aka bayar.

Kada kuma ka ce ai yanzu da kati kake biya, ka huta. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 kusan kowane mai tsire ya mallaki na'urar POS ko lambar asusun da za a tura masa, amma wannan sauƙin ya zo da nasa ramukan. Sifili ɗaya ne tsakanin 8,500 da 85,000, kuma wanda ya danna lambar sirrinsa yana hira bai kalli fuskar na'urar ba, sai ya isa gida zai ga saƙon banki. Wani lokaci na'urar za ta ce kuɗin bai wuce ba alhali an cire, a ce ka sake sawa, ka biya sau biyu; a nan ka karɓi 'yar takardar da ta fito ka adana, da ita za ka bi bankinka. Idan kuma aka ba ka lambar asusu, ka duba sunan da ya fito kafin ka tura, in ka ga sunan mutum ne ba na wurin ba, ka tambayi manaja ko da saninsa, domin a irin wannan ana iya cutar ka a cuci mai wurin a lokaci guda.

Akwai ƙarin da halal ne, ya kamata ka san shi don kada ka ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba. Harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020, wato a cin naira 20,000 harajin naira 1,500 ne. A Legas akwai wani harajin jiha na kashi 5 cikin 100 a kan abin da aka ci a otal-otal da gidajen abinci. Manyan wurare kuma sukan ɗora kuɗin hidima, wanda ba haraji ba ne, tsarin gidan ne, ya kamata a ce an rubuta shi inda za ka gani tun kafin ka ce a kawo. Doka ma tana bayanka a wannan: dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashi, ta kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya bayyana. Don haka idan ka ce a kawo maka takardar farashi tun da farko, ka kuma nemi rasit a ƙarshe, haƙƙinka ka nema, ba alfarma ba.

Na san abin da za ka ce mini. Za ka ce, Baba, nawa ne dubu biyu, yaron nan talaka ne, na bar masa sadaka. Ina ganin kyawun zuciyarka a wannan magana, amma ka saurare ni da kyau, domin nan ne abin ya fi damuna. Sadaka abu ce da ka ɗauka da hannunka ka bayar, mai karɓa ya san ka ba shi, ya yi godiya, ya tafi da ita gida da hasken fuska. Abin da aka zare maka a ɓoye kana gani ka yi shiru, shi yaron bai san ka yafe ba. Abin da ya sani shi ne ya gwada ya ci nasara. Gobe zai sake gwadawa a kan wani, kuma wannan wanin wataƙila malamin firamare ne da ya yi wata biyu yana tara kuɗin da zai fitar da matarsa sau ɗaya, wanda dubu biyun nan ita ce kuɗin motarsa ta komawa gida. Jibi kuma hannun ya saba, ya wuce canjin baƙi ya shiga aljihun uban gidansa, daga nan sai kora, ko ofishin 'yan sanda, ga shi yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba. Shirunka yana da kaso a wannan tafiya. Sura guda ce a Alƙur'ani, ta 83, aka sa mata sunan masu tauye mudu, kuma labarin mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu ya yi ta jan kunnensu a kan awo sananne ne ga duk wanda ya zauna a makarantar allo. Tauye canji ɗan'uwan tauye mudu ne, kuma wanda yake ƙaunar yaro ba zai so ya ga ya girma a kan wannan hanya ba.

Amma fa, ɗana, kada wannan magana ta sa ka zama mai shiga wuri da zargi a fuska. Yawancin yaran nan da 'yan matan da ke ɗaukar tire masu neman halal ne, suna tsaye tun la'asar har tsakar dare, mutum ɗaya yana riƙe da lissafin tebur shida a kansa, ga kiɗa, ga kira ta kowace kusurwa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma naira 70,000 a 2024, amma da yawansu ba sa ganin haka a wata, kuma a wurare da dama idan kofi ya fashe, ko baƙo ya sulale bai biya ba, ko aka nuna musu saƙon tura kuɗi na bogi, daga ɗan albashin nasu ake cirewa. Mutumin da ke cikin wannan hali zai yi kuskure na gaskiya, wani lokaci ma kuskuren kai zai amfana. Idan ka ga an manta ba a sa kazar da kuka ci ba, ko an ba ka canjin da ya fi naka, ka mayar, domin wannan rarar daga aljihun yaron za ta fita a daren, kuma wanda yake yin shiru idan kuskure ya faɗo ta wajensa ba shi da bakin ƙorafi idan ya faɗa ta ɗaya wajen.

To idan ka duba ka ga ƙari, yaya za ka yi? Ka kira shi gefe, ko ka rage murya yadda shi kaɗai zai ji, ka ce ɗan'uwa, zo mu sake bin lissafin nan tare, ina jin an samu kuskure. Wannan kalmar ta kuskure ƙofa ce ka buɗe masa: idan mantuwa ce zai gyara ya ba ka haƙuri, idan kuma da gangan ne ya gane an gane shi, ya gyara ba tare da ka tozarta shi ba, kuma irin wannan kunyar ta fi shiga jiki fiye da zagi. Kada ka kira shi ɓarawo a gaban jama'a a kan abin da ba ka tabbatar ba, kada ka ɗaga masa hannu, kada ka zaro waya ka ɗauki fuskarsa ka watsa a Facebook ko TikTok, domin kuɗinka za su iya dawowa a daren nan, hoton kuwa zai bi shi shekaru. Bayan an daidaita, idan hidimarsa ta yi maka, ka zaro abin da ranka ya so ka ba shi a hannu, ka ce wannan naka ne. Mutanen da ke teburinka, waɗanda kake tsoron su ce kana maƙo, za su ga ka karɓi haƙƙinka kuma ka yi kyauta, yaranka ma in suna wurin sun ga yadda ake yi.

Idan ya dage, ka nemi manaja, ka ajiye masa takardar farashi da rasit ka bar su su yi magana. Mai wurin da ya san ciwon kasuwancinsa zai gode maka, domin sau da yawa shi ma bai san abin da ake yi a bayan idonsa ba. Idan kuwa ka ga bakinsu ɗaya ne, an fara tara maka ƙarti ana ɗaga murya, to dare ba lokacin jayayya ba ne, musamman kana tare da mata da yara. Ka biya, ka tabbatar an rubuta maka rasit mai ɗauke da abin da aka ce kun ci da abin da ka bayar, ka kai iyalinka gida lafiya. Da safe, idan kuɗin sun kai a bi, ka kai ƙorafinka hukumar FCCPC da rasit ɗin a hannu. Ƙafarka kuma kada ta sake taka wurin, kuma duk wanda ya tambaye ka dalili ka faɗa masa abin da ya faru yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.